Ba a Hubbaren Baba Ba

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

An samu Dehinde. Masunta ne suka same shi a ruwa, can wajen Oworo. Arinola, matarsa, ta kira ni tana ihu, ban gane rabin abin da take faɗa ba. Na ce ta miƙa wa mai hankali wayar.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na rubuta don in gani da idona.

Duk da haka na tafi Lambun Salama, maƙabartar manya. Litinin ranar wanke marmara ce, kuma idan ban tsaya a kan masu wankin ba, da sabulun wanki za su goge hubbaren Baba kamar bayan gida. Shekara goma mukullin yana hannuna, ban taɓa fashin Litinin ba. Masu ziyara sun zo daga Ibadan, mota guda, suna ɗaukar hoto da gunkin Baba da jitarsa. Wata ta ce, “Madam, ke ce 'yar Cif Oyewusi? Da waƙarsa aka yi bikin uwata.” Na ce kowa haka yake cewa. Na yi mata murmushi. Hoton ya fito da kyau.

Talata, 4 ga Yuni, da yamma

Gidan Mami, mahaifiyarmu, a Surulere ya cika. An fitar da kujerun roba har bakin kwata. Wanda ya tambaya, ana ce masa gajeruwar rashin lafiya ce. Kowa ya gyaɗa kai, kowa ya sani. An ga motarsa a kan gada, ƙofa a buɗe. An ga takalmansa a jere. Dehinde da bai taɓa jera komai ba a rayuwarsa.

Mami na zaune a ƙasa, ba ɗankwali. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ta ce, “Ibidun, kin ci abinci?” Na ce na ci. Ta ce, “Na sani.”

Baba Agege, ƙanen Baba, wanda shi ne babban dangi yanzu, ya ja ni bayan tankin ruwa. Yana warin man zafi. Ya ce, “'Yata, ke ce mai hankalin gidan nan. Kin san irin wannan tafiyar ba a kai ta kusa da manya. Ba sai na faɗa ba.”

Na ce, “Baba, ba sai kun faɗa ba.”

Ya dafa kaina. Rabon da wani ya dafa kaina tun Baba na da rai.

Laraba, 5 ga Yuni, da safe

Ruwa tun asuba. Rufin hubbaren bai yi yoyo ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, da azahar

Arinola ta biyo ni har Lambu. Baƙaƙen kaya, silifas ɗin wanka, ƙafa duk laka. Ta bi ta gaban hubbaren Janar da na Alƙalin Alƙalai a haka, ma'aikata na kallo. Ta zube a kan matakalar da aka goge jiya.

Ta ce, “Anti mi, yaushe za a buɗe gurbin? Masu akwati suna tambayar rana.”

Gurbi huɗu ne a ciki. Baba da kansa ya zana: nasa, na Mami a gefensa, biyu a ƙasa, nawa da na Dehinde. Kowa a Legas ya san haka, har a jarida Baba ya faɗa.

Na ce, “Wane gurbi?”

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta ce, “Nasa mana. Na mijina.”

Na ce, “Iyawo, matar ƙanena, tashi. Kina ɓata matakala.”

“Anti mi, ubansa ne a ciki.”

“Ubana ne ni ma. Kin ga hanyar nan? Janar, alƙali, minista, uwar kasuwar Balogun. Duk wanda ke kwance a layin nan kiransa aka yi ya amsa. Ba wanda ya kai kansa.”

Ta kama ƙafata. Hannunta sanyi ƙalau. Na ce wa maigadi ya raka ta bakin titi ya tsayar mata da danfo, bas ɗin haya. Da ta tafi na sa aka sake goge wurin.

Ban ɗaga murya ba. Ina so a san wannan. Ko sau ɗaya ban ɗaga murya ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan coci

Fasto ya yi wa'azi a kan ɗa ɓatacce, yana satar kallona. Da aka tashi ya tare ni a ƙofa, yana murza hannu. Wai rahamar Ubangiji ta fi tunaninmu faɗi. Na ce to zai yi masa addu'a a cikin coci ke nan, gawa a gaban mumbari? Ya ce, a'a, wannan sai kwamitin dattawa ya zauna. Na ce rahamar ta yi faɗi amma ba ta shiga ta ƙofarku ba, sai ta tawa kuke so ta shiga. Ya ce zai sa ni a addu'a.

Ya sa kansa.

Talata, 11 ga Yuni, da yamma

Ankon ya iso. Leshi ruwan zuma, gwaggwaro ja. Ranar 13 ga Yuli Baba zai cika shekara goma da rasuwa, kuma ba abin da zai ɗaga wannan rana. Gidajen talabijin sun yi alkawari. Tsofaffin 'yan ƙungiyarsa, waɗanda suka rage, za su yi kiɗa a filin gaban hubbare. Tun bara nake shirin nan ni kaɗai. Ina Dehinde lokacin da nake yawo ofis-ofis? Yana mashaya a Ojuelegba yana rera waƙoƙin Baba ana jefa masa kwalba.

Ku yi tunani. Kyamara ta shiga hubbare, ga sabon siminti bai bushe ba, ga suna. Sai mai tambaya ya ce, Madam, me ya same shi? Daga nan an daina zancen Cif Oyewusi, an koma zancen gada. Shekara hamsin na waƙa, a rufe shi da takalma biyu.

Matar Janar ta zo sa fure. Ta ce, “Ibidun, na ji labari. Kai, yaran yanzu. Ba dai nan za ku kawo shi ba ko? Maigidana soja ne, ba ya son maƙwabci matsoraci.” Muka yi dariya. Dariyarta ta fi tawa tsawo.

Alhamis, 13 ga Yuni, da la'asar

Mami ta aika a kira ni. Ta sallami kowa daga ɗaki. Ta rame, wuyanta kamar na kaza. An kawo mata amala tun rana, tana nan a rufe.

Ta ce, “Na ji ba ki ba shi nasa ba. To. Ki ba shi nawa.”

Na ce, “Mami, ba haka ake yi ba.”

“Nawa ne ko ba nawa ba ne?”

“Naki ne idan lokaci ya yi. Gefen Baba ne. Ba za a kwantar da shi kafaɗa da kafaɗa da Baba ba.”

Ta ce, “Na kwana gefen ubanki shekara arba'in da wani abu, rabi ba ya gida, rabi yana minshari. Ya ishe ni. Yaron nan kuwa duk rayuwarsa so yake ubansa ya juyo ya dube shi. Ki bar shi ya kwanta kusa, ko a can zai juyo.”

Na ce dangi ba za su yarda ba.

Ta ce, “Ban ga mukulli a hannun dangi ba.”

Na ce zan yi tunani. Ta ce, “Yana cikin ƙanƙara, Ibidun. Tun yana ƙarami ba ya son sanyi. Ke kike goya shi ki rufa masa zanenki, kin manta?”

Ban manta ba. Ba shi ne zancen ba.

A hanya na tsaya wurin tela. Hannun rigar ya matse. Sai an sake.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma

Taron dangi a falon Mami. Baba Agege a kujerar Baba. Ya yi magana mai tsawo, da karin magana, da tari. Ƙarshenta dai: a da ma daji ake kai irin wannan, yanzu an waye, amma ba a waye har a haɗa shi da Cif ba. Ya ce, “Ibidun ce ta riƙe martabar gidan nan, ba ɗa namiji ba. Mu tsaya bayanta.” Aka ce haka ne, haka ne.

Arinola na durƙushe a bakin ƙofa, inda matan gida ke durƙusawa. Ba a ba ta izinin magana ba. Ta miƙe tsaye.

Ta ce, “Ina da tambaya ɗaya. Anti Ibidun, ranar Asabar ɗin da ya ɓace, da safe, ya yi wanka. Ya yi aski. Wata biyu bai taɓa kwalba ba, ni shaida ce. Ya goge farar rigarsa da kansa har ya ƙona hannu. Ya ce mini zai je Lambu wurin yayarsa, ya roƙe ta ta bar shi ya yi waƙa ɗaya a ranar Baba. Ɗaya tak. Ya fita yana rera ta. Bai dawo ba. Me kika ce masa?”

Idanu suka juyo kaina.

Baba Agege ya ce, “Iyawo, a gidan ubanki haka ake yi wa manya magana?”

Ta ce, “A gidan ubana muna binne matattunmu.”

Mata suka ja ta waje. Tana tafiya tana waiwaye tana cewa me kika ce masa, me kika ce masa, kamar mai tallar burodi.

Mami ba ta dube ni ba. Ƙusar babban yatsanta take kallo.

An raba dafa-duka. Gishiri ya yi yawa.

Lahadi, 16 ga Yuni, da safe

Abin da na ce masa, kowa a falon nan ya taɓa faɗa a bayan idonsa.

Lahadi, da rana

Ban je coci ba.

Laraba, 19 ga Yuni, da hantsi

Daga mutuware aka kira ni, ban san wa ya ba su lambata ba. Wai wuta tana yawan ɗaukewa, kuma wanda ya daɗe a ruwa ba ya jira kamar sauran. A zo a yi abin da za a yi. Na ce ba ni na kawo shi ba, ku kira wadda ta kawo shi.

Na wuce Lambu. Ciyawar gaban hubbare ta yi tsawo. Kwaɗi sun shiga ramin fulawa. Na shiga ciki na rufe ƙofa na zauna a kan benci. A nan ne kaɗai Legas take yin shiru. Na gaya wa Baba yadda shiri ke tafiya: rumfa, kujeru, wanda zai yanka kek. Ban gaya masa sauran ba.

Gurbin ƙasa na hagu yana da ɗan tsagu a murfi. Ban taɓa lura ba. Na daɗe ina kallonsa.

Juma'a, 21 ga Yuni, da yamma

Ba za a ce ban yi ƙoƙari ba. Na je ofishin Lambu na nemi wuri. Akwai fili can ƙarshe, bayan ɗakin janareta, jikin katanga, inda suke zubar da busasshen fure. Ba layin manya ba ne, amma cikin Lambu ne. Mutane nawa ne a Legas za su samu ko wannan? Sharaɗina biyu: a yi da sassafe kafin masu ziyara, kuma kada a sa sunan gidanmu a dutse har sai an gama biki.

Na kai wa Arinola maganar da kaina, har Mushin, har ɗakinsu. Hawa biyu, matakala na warin fitsari. Jitarsa na jingine a bango, tsirkiya ɗaya a tsinke.

Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, “Bayan janareta.”

Na ce wuri ne mai inuwa.

“Ba suna.”

“Na ɗan lokaci.”

Ta yi dariya. Ta ce, “Anti mi, kin san abin da yake cewa a kanki? Duk wanda ya zage ki a gabansa sai ya yi faɗa. Yana cewa, ba ku san Ibidun ba, mijinta ne ya ɓata mata zuciya da ya kore ta, da can ba haka take ba. Har haƙori aka cire masa a kanki a Ojuelegba. Wawa. Mijina wawa ne.”

Na ce ban zo jin tarihi ba, e ko a'a.

Ta buɗe mini ƙofa. Ta ce, “Ki sauka a hankali. Matakalarmu ba marmara ba ce.”

Ba korata aka yi daga gidan miji ba. Ni na fito da ƙafata. Kowa ya san wannan.

Litinin, 24 ga Yuni, da safe

Wanke marmara. Na kira Mami sau biyu, ba a ɗauka ba.

Laraba, 26 ga Yuni, da la'asar

A bakin tela na ji. Tana sa mini fil a hammata ta ce, “Madam, sannunku da hanya, ashe jiya aka yi. Ijebu da nisa a wannan damina.” Na ce wa aka yi wa me. Fil ɗin ya faɗi daga bakinta.

Sun ɗauke shi jiya. Mami, Arinola, wasu mashaya abokansa, da wani fasto na cocin kwano. Sun binne shi a Ijebu, a tsohon gidan kakana na wajen uwa, bayan ɗakin girki, gindin bishiyar goro. Ba wanda ya gaya mini. Ni da na goye shi.

Na kira 'yar ƙanwar Mami, na matsa mata. Ta ce an yi lafiya. Abokansa sun yi waƙa, ruwa na dukansu. Sannan ta ce, “Anti, Mami ta sa masu haƙa sun faɗaɗa ramin. Ta ce na mutum biyu. Ta tara mutanen gari ta ce su zama shaida, duk wanda ya kai gawarta Lambu ba ta yafe ba.”

Na ce tsufa ne. Za ta sauka.

To an gama. Abin da nake so ke nan, ai. An gama ba tare da hayaniya ba, kuma sauran kwanaki za su ishe ni shirya rumfa.

Rigar ta zauna daidai yanzu.

Alhamis, 27 ga Yuni, da safe

Ƙasar Ijebu ja ce, tana riƙe ruwa.

Asabar, 29 ga Yuni, da hantsi

Na iske Baba Agege a bakin hubbare, shi da babban ɗansa Kunle da wani mai awo. Ya ce in buɗe musu, yana so ya gaida yayansa. Na buɗe. Bai gaida kowa ba. Mai awon ya durƙusa ya auna gurbin Mami, tsawo da faɗi. Baba Agege ya tsaya kusa da shi ya miƙe ƙirji, kamar mai gwada riga.

Na ce, “Baba, me ake aunawa?”

Ya ce, “Gyara ne, 'yata. Saboda biki.”

Da za su tafi ya ce in ba Kunle mukullin na kwana ɗaya, masu fenti za su zo da asuba, kada a tashe ni. Ya ce na gaji, idona ya faɗa. Ya sake dafa kaina.

Na ba shi.

Litinin, 1 ga Yuli, da safe

Kunle bai kawo ba. Wai yana Ikorodu. Masu wanki sun zauna a matakala har rana ta yi, suka tafi.

Laraba, 3 ga Yuli, da azahar

An canza kwaɗon. Sabo, na ƙarfe, ƙato kamar na shagon kasuwar Alaba. A ƙofar da Baba ya sa aka sassaƙo daga Benin.

Na je ofis. Manajan, wanda shekara goma yake tashi tsaye idan na shigo, bai tashi ba. Ya ce babban dangi ya zo da dattawa, sun ce daga yanzu da shi za a yi magana. Ya ce shi ba ya shiga harkar iyali. Ya ce, “Madam, ko za ki sha ruwa?”

Asabar, 6 ga Yuli, da yamma

Agege. Na same shi a baranda yana cin gyaɗa, rediyo a cinya. Na durƙusa, don kada a ce. Na ce Baba, na zo karɓar mukulli.

Ya ce, “Wane mukulli?”

Na ce na hubbaren ubana.

Ya ce, “Na yayana. Cikinmu ɗaya da shi, nono ɗaya muka sha. Zauna, Ibidun, ki ji. Uwarki ta ce ba ta so, gaban shaidu. Ƙanenki ke da bakinki kika ce bai cancanta ba, gaban shaidu. Wuri ba ya zama haka kawai. Ni zan kwanta gefen yayana, Kunle da ƙanensa a ƙasa. Sunan gida ɗaya ne.”

Na ce, “Da nawa gurbin?”

Ya ɓare gyaɗa ya hure. Ya ce, “Ke ai mace ce. Mace a gidan mijinta take kwanciya.”

“Kun san ba ni da miji.”

“To laifin wa? Ki je ki ba shi haƙuri, ko zai samo miki wani lungu.” Matarsa ta yi dariya daga cikin ɗaki.

Na ce Baba da kansa ya zana, an buga a jarida.

Ya ce, “Ya zana huɗu. Ke kika fara gogewa. Da kin ce abin da Cif ya zana ba mai taɓawa, wa ya isa? Ni da kaina da na yi shiru. Amma kika ce al'ada. To ga al'ada, 'yata, ba a cin rabinta a bar rabi.”

Na ce, “Ku kuka ja ni bayan tanki.”

Ya ce, “Na ja ki. Na ce ba sai na faɗa ba. Kuma ban faɗa ba. Tuna da kyau.”

Ya miƙo mini gyaɗa. Ya ce ranar biki in zo da wuri, a samu mai lura da masu raba abinci.

Lahadi, 7 ga Yuli, da safe

Lauya ya ce a bari a gama biki. Ya ce shari'ar kabari tana daɗewa, kuma alƙali zai so ya ji daga bakin uwata.

Laraba, 10 ga Yuli, da hantsi

Na je na tsaya a waje. Ta gilashin ƙofa ana ganin benci. Wani ya bar ledar ruwa a kai.

Asabar, 13 ga Yuli, da magariba

An yi. Rumfa ta tsaya, ruwa bai sauka ba, talabijin sun zo. Duk yadda na tsara. Ankon ya yi kyau a jikin kowa.

Baba Agege ne ya yanka kek. Shi ya buɗe hubbare ya shiga da kyamara, yana share ido da hankici. An tambaye shi iyalin Cif, ya ce matarsa ba ta da lafiya, ɗansa Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeruwar jinya. Bai ce akwai 'ya ba. Katin sunana yana tebur na bayan lasifika, tare da telata.

Kujerar Mami ta zauna ba kowa har aka tashi. Wata baƙuwa ta ɗora jakarta a kai.

Da la'asar tsofaffin 'yan ƙungiya suka ɗauki waƙar nan. Waccan, da Dehinde ya roƙa. Kunle ne ya karɓi makirufo. Ya manta baiti na biyu, ya cike da ihu, ya sa hannu a kunne kamar Baba. Muryarsa kamar ana jan tebur. Aka yi ta masa liƙi har ƙasa ta rufe. Matar Janar ta ce jini ba ya ƙarya.

Tsohon mai gangarsu, da ya zo wucewa ta bayan lasifika, ya tsaya ya ce, “Madam, da Dehinde ne.” Bai ƙarasa ba. Na ce masa shinkafa ta ƙare, sai amala.

Dehinde ba ya manta baiti na biyu. Ko a buge.

Talata, 16 ga Yuli, da yamma

Ijebu. Mami ba ta koma Surulere ba, tana can gidan kakana ita da Arinola. Na sayi burodi da 'ya'yan itace a hanya. Na shirya abin da zan ce: maganar lauya, cewa kalma ɗaya daga bakinta za ta dawo mana da hubbare, cewa Baba Agege ya cuce mu duka.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, tana tsince wake a faranti. Ta yi aski irin na masu takaba. Daga inda take zaune ana hango jar ƙasar bayan ɗakin girki. Ban kalli wajen ba.

Na durƙusa. Na ce, “Mami, barka da gida.”

Ta ɗago. Idonta garau, ba hazo, ba ruɗu. Ta dube ni tun daga gwaggwaro har takalmi. Sannan ta ɗaga murya ta ce, “Arin! Mun yi baƙuwa. Kawo wa Madam kujera, kada ta ɓata kayanta.”

Arinola ta kawo kujera ta goge da gefen zaninta. Ta kawo ruwa a kofin baƙi, da faranti a ƙarƙashi. Ta rusuna ta koma.

Na ce, “Mami, ni ce.”

Ta ce, “Sannunku da zuwa. Daga Legas? Kun sha hanya. Gaisuwa kuka zo?”

Na ce, “Mami.”

Ta ce, “Mun gode. Ɗana ne ya rasu. Shi ke nan gare ni, shi kaɗai. Mawaƙi ne.” Ta cire tsakuwa daga cikin waken ta jefar. “Kun san shi?”

Kaji na ta kiwo a gindin kujerata. Arinola na tsaye a ƙofar ɗakin girki, da ludayi a hannu. Suna jira, su biyun. Na san abin da suke jira. In ce ƙanena ne, in faɗi abin da na ce masa ranar.

Na ce, “Sama-sama.”

Mami ta gyaɗa kai a hankali.

Ta ce, “Haka na zata. Ku gaida gida.”

Ta ci gaba da tsintar wakenta.